Takardar Desiyus: Yadda Ikilisiyar Farko ta Yi da Waɗanda Tsoro ya Kayar

A ƙasar Masar, galibi a yankin Fayum da ke kudu maso yammacin Alƙahira, masu tonon kayan tarihi sun samo wasu siraran takardu fiye da 40 waɗanda rairayi ya adana tun shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu. Kusan abu ɗaya ne a rubuce a cikinsu. Mai takarda zai faɗi sunansa da na ƙauyensu, ya shaida cewa shi dama can mai yi wa alloli hadaya ne, kuma yau ma ga shi a gaban jami'ai ya zuba ruwan inabi, ya yi yanka, ya ɗanɗana naman. Daga ƙasa jami'ai su sa hannu cewa a kan idonsu aka yi, sai kwanan wata, wanda ya faɗo tsakanin Yuni da Yuli na wannan shekara. Da harshen Latin ana ce da irin wannan takarda libellus. Mu sai mu ce takardar shaida, irin wadda ake miƙa wa jami'i a shingen hanya ya duba ya ce wuce.

Wanda ya kawo wannan doka shi ne Desiyus, Sarkin Rum, wanda ya hau mulki a 249 bayan ya ci sarkin da ya gabace shi da yaƙi. Ya tarar da daula tana tangal-tangal. Ƙabilun Got suna ƙetaro kogin Danub daga arewa, Farisawa suna matsowa daga gabas, manyan sojoji kuwa kowa idonsa a kan gadon sarauta. A ganinsa alloli ne suka yi fushi don an yi musu sakaci, maganin abin kuma shi ne kowa da kowa a daular ya fito ya yi musu hadaya, a ba shi shaida a rubuce. Dokar ta hau kan kowa. Ɗaya daga cikin takardun Fayum ma ta wata mata ce mai hidima a ɗakin bautar allahn kada, wadda ba mai zarginta da Kiristanci. Sai dai ga maƙwabtan Kirista wannan tafiya ce ta rabin yini, a je a dawo a ci gaba da harka. Ga Kirista kuwa bautar gumaka ce tsagwaronta. Kuma ga inda tarkon yake: ba a ce ya daina bin Yesu ba. An dai ce ya ɗebi ɗan turare ya zuba a wuta, ya taɓa nama a baki, ya koma gida ya yi addu'arsa yadda ya saba.

Wasu sun ƙi. Fabiyan, bishop na Rum, ya mutu a hannun hukuma a Janairu na 250. Bishop na Antakiya da na Urushalima sun mutu a kurkuku. An azabtar da babban malamin nan Orijen, ya fito jiki a lalace, bai daɗe ba ya rasu. Waɗannan su ake yawan ambata a wa'azi. Amma masu yawan su ne waɗanda suka je suka karɓo takarda, kuma wannan rubutu a kansu yake.

Mafi yawan abin da aka sani game da su ya fito daga alƙalamin Sifiriyan, bishop na Kartaj, birnin da kufansa ke gefen Tunis a yau. Attajiri ne, gwanin magana, wanda ya karɓi baftisma da girmansa, kuma bai fi shekara biyu a kujerar bishop ba dokar ta iso. Abin da ya bayyana a littafinsa kan waɗanda suka faɗi ba shi da daɗin ji. Da yawa ba su jira an kama su ba, ba su ma jira an kira su ba. Da ƙafarsu suka tafi dandali, har aka yi cunkoso, magariba ta yi alƙalai suka ce sai gobe, wasu suna roƙon a taimaka a sallame su yau. Iyaye suka ɗauko jarirai a kafaɗa aka ɗiga musu abin hadaya a baki. A wasu garuruwan shugabannin ne ma suka shige gaba. Bishop na Simirna, wato Izmir ta Turkiyya, ya yi hadaya, wasu bishop biyu a Sifen kuma suka nemo takarda.

Sifiriyan ya ɗora laifin a kan jin daɗi. An yi shekaru masu yawa ba tsanani, jama'a ta yawaita, dukiya ta shigo, har wasu bishop-bishop suka bar garkensu suna yawon kasuwanni suna ba da bashi da ruwa. Ya lura cewa tsoron a ƙwace gida da gona ya kayar da mutane fiye da tsoron bulala. Akwai gaskiya a nan, ko da yake mai hali ne yake faɗa wa masu hali. Wanda ba shi da komai, in gudu ya kama sai ya ɗauki sandarsa. Mai rumbu da shanu shi ne yake tsayawa yana lissafi.

Ba faɗuwa iri ɗaya aka yi ba. Akwai wanda ya yi yanka ya ci nama. Akwai wanda turare kawai ya zuba. Akwai kuma mai dabara, wanda bai je kusa da bagadi ba, ya dai sa hannu a aljihu ya sallami magatakarda aka rubuto masa takarda, ko ya tura wani ya karɓo da sunansa. Wannan na ukun yana ganin hannunsa tsaf yake. Sifiriyan bai yarda ba, domin takardar da ke aljihunsa cewa take yi ya yi, shi kuma ya amince a ɗauka hakan. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Sai rukuni na huɗu, wanda a kansu ne kawai harshensa ya yi laushi: waɗanda suka tsaya da farko, aka yi ta gana musu azaba da ƙarfe da wuta har jiki ya gaza. Ya ce irin waɗannan raunukansu ne ke roƙa musu gafara. Ya ambaci mutum biyu, Kastus da Emiliyus, da suka karaya a karon farko, aka sake kawo su suka tsaya har aka kashe su.

Sifiriyan kansa fa? Ya ɓuya. Da aka fara kiran sunansa a dandali ana cewa a jefa wa zaki, sai ya fice daga Kartaj, ya yi fiye da shekara guda yana tafiyar da ikilisiya ta hanyar wasiƙu. Limaman Rum, waɗanda nasu bishop ɗin ya riga ya mutu, suka aiko da wasiƙa mai habaici a kan bambancin makiyayi na gaske da ɗan ƙodago da ke tserewa in ya hango kyarkeci. Ya kare kansa da cewa Yesu da bakinsa ya umarci almajirai in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. Hujjar tana da tushe, galibin ikilisiya kuma ba ta ɗauki gudu a matsayin musun bangaskiya ba. Abin da ta ƙi yabawa ma shi ne kai kai. A labarin shahadar Folikaf na Simirna, kimanin shekara 100 kafin wannan, an ambaci wani Kwintus da ya miƙa kansa ga hukuma don zumuɗi, ya zuga wasu suka bi shi, da ya ga namun daji ido da ido sai ya yi hadaya. Duk da haka, mutumin da zai yanke wa matsorata hukunci ya dawo gari ana yi masa kallon ɗaya daga cikinsu.

A Yuni na 251 Desiyus ya mutu a fagen yaƙi da Got, a ƙasar da ake kira Bulgeriya yanzu. Tun kafin nan ma wutar ta lafa. Sai ga ɗaruruwan mutane a ƙofar majami'a suna so su dawo su ci Jibin Ubangiji. Tsugune ba ta ƙare ba.

Kafin a ga yadda aka raba wannan gardama, sai an koma ga wani labari da kowane ɓangare ya haddace, wato labarin Bitrus. Duk littattafan Bishara huɗu sun kawo shi, alhali akwai manyan abubuwa da ɗaya ko biyu ne kawai suka ambata. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya cika baki cewa ko kowa ya watse shi yana nan, ko da za a mutu tare. Ba ƙarya yake yi ba a lokacin, don shi ne ya zare takobi a lambu ya sare wa bawan babban firist kunne, shi ne kuma ya bi sawu har farfajiyar gidan babban firist Kayafa sa'ad da yawancin 'yan'uwansa suka tsere. Abin da ya kayar da shi ba soja ba ne. Baranya ce mai tsaron ƙofa ta dube shi a hasken wuta ta ce ai kai ma nasa ne. Ya musa. Aka sake, ya sake musawa. Na uku aka ce masa harshenka ya tona ka, domin mutanen Galili suna da nasu karin magana da ɗan Urushalima ke ganewa daga buɗe baki, kamar yadda Bakano ke gane Basakkwace. Sai ya shiga rantsuwa yana la'antar kansa cewa bai san mutumin ba. Zakara ya yi cara, ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Abin lura shi ne wa ya ba da wannan labari. Tun farkon ƙarni na 2 wani bishop mai suna Fafiyas ya ce Markus daga bakin Bitrus ya ɗauko abin da ya rubuta. In haka ne, shugaban manzanni da kansa ya riƙa tona asirin daren da ya fi kowane dare kunya a rayuwarsa, yana faɗa wa sababbin tuba. Jama'ar da ke son ƙawata tarihinta da ta binne wannan. Bisharar Yahaya kuma ta ƙara wani abu: a bakin wutar gawayi ya yi musun, a bakin wutar gawayi kuma, a gaɓar Tekun Galili, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon garke sau uku. Ba a ce ya bari sai ya nuna jarumtaka tukuna ba.

Kada kuma a ɗauka daga ranar tsoro ya rabu da shi. Shekaru bayan haka a Antakiya yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, da wasu baƙi suka iso daga Urushalima sai ya janye jiki don gudun bakinsu, har Bulus ya tsawata masa a bainar jama'a, kamar yadda yake a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Wannan karon ba takobi ba kurkuku, kunyar idon mutane ce kawai. Littafi Mai Tsarki cike yake da irinsa. Iliya ya fuskanci annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, bayan haka saƙon mace ɗaya, Yezebel, ya sa shi gudu jeji yana roƙon mutuwa, amsar farko da ya samu kuwa abinci ce da barci. Yahaya Mai Baftisma daga kurkuku ya aika a tambayo masa ko Yesu ne wanda ake jira ko a sa ido ga wani. Malaman Kirista daga nan suke cewa bangaskiya da tsoro suna iya kwana a zuciya ɗaya, kuma ranar matsi ce ke nuna wanda ya fi nauyi a wannan ranar, ba a dukan rayuwa ba.

A kan waɗanda suka faɗi a zamanin Desiyus kuwa, aka rabu uku. A Kartaj, waɗanda suka sha ɗauri suka fito da rai, jama'a na ganin girmansu ƙwarai, sai suka fara rubuta wa masu faɗuwa takardun ceto, a karɓi wane da mutanen gidansa. Wani daga cikinsu ya yi ta rabawa da sunan wani shahidi da ya riga ya mutu, daga baya ma aka fitar da ta gama-gari ga kowa. Abin dariya abin takaici, takarda ta fitar da mutum takarda kuma za ta mayar da shi. Wani dikon mai suna Felisisimus ya tsaya wa masu wannan ra'ayi, a buɗe ƙofa kowa ya shigo ba wani horo. A Rum kuma akasin haka ya taso. Da aka zaɓi Karniliyus bishop a Maris na 251, wani limami masani mai suna Nobatiyan ya ƙi shi, ya sa aka naɗa shi kishiya. Matsayinsa shi ne wanda ya yi musun Almasihu ya yi ta tuba har mutuwa, Allah in ya so ya gafarta masa, amma ikilisiya ba ta da ikon mayar da shi teburin Jibi.

Bai kamata a yi wa Nobatiyan kallon marar imani ba. A tuna da matar da aka kashe mijinta don ya ƙi zuba turare, yau ga maƙwabcinsu da ya zuba, gonarsa na nan shagonsa na nan, yana miƙa hannu ga ƙoƙo ɗaya da ita. In an ce ba komai, to mijinta ya mutu a banza ke nan? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma duk wanda ya yi saurin wuce ta bai taɓa binne nasa ba.

Taron bishop-bishop da Sifiriyan ya kira a Kartaj a 251 ya bi ta tsakiya. A duba kowane mutum shi kaɗai, a ji yadda aka yi da abin da ya matsa masa. Masu sayen takarda a karɓe su bayan sun yi tuba. Masu hadaya su zauna a ƙarƙashin horo, in ciwon ajali ya zo a ba su Jibi kada su mutu a waje. Limamin da ya faɗi zai iya dawowa, amma a matsayin ɗan ikilisiya kawai, ba zai koma bagadi ba. Rum ta amince da wannan, ta kuma fitar da Nobatiyan.

Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya ba da labarin da ya nuna yadda hukuncin yake a aikace, masanin tarihi Yusebiyus kuma ya adana shi. Wani tsoho mai suna Sarafiyon ya yi zamansa ba abin zargi, da tsanani ya zo ya yi hadaya. Ya yi ta roƙo a karɓe shi, ba mai kula shi. Ya kwanta ciwo, kwana uku ba magana. A rana ta huɗu ya farfaɗo ya kira jikansa ya ce ya ruga ya kira limami. Dare ne, limamin shi ma ba lafiya, sai ya ba yaron ɗan gutsuren gurasar Jibi ya ce ya jiƙa ya sa wa tsohon a baki. Yaron ya dawo ya yi yadda aka ce, tsohon ya haɗiye, ya cika. Diyonisiyus ya rubuta wannan ne ga bishop na Antakiya, wanda zuciyarsa ta karkata wajen Nobatiyan.

Ba a daɗe ba aka ji ƙishin-ƙishin wani sabon tsanani, sai bishop-bishop na Afirka suka sake zama suka karɓi duk wanda ya daure a horo, ba sai ya kai bakin kabari ba. Dalilinsu ne abin dubawa. Sun ce ta yaya za a nemi mutum ya ba da jininsa gobe alhali yau an hana shi ƙoƙon da zai ba shi ƙarfi? Wato sun daina kallon Jibi a matsayin ladan jarumi, suka koma kallonsa a matsayin guzurin mai rauni. A ganina nan ne aka warware maganar, ba a taron farko ba.

Mai karatu Musulmi zai tuna da Ammar bin Yasir, wanda aka kashe iyayensa a Makka aka azabtar da shi har ya furta abin da Ƙuraishawa ke so, ya zo wa Annabi Muhammadu (SAW) yana kuka, kuma malaman tafsiri suna danganta aya ta 106 a Suratun Nahli da shi, wadda ta cire laifi daga wanda aka tilasta matuƙar zuciyarsa na nan a kan imani. Ikilisiyar farko ba ta bi ta nan ba. Ta ƙirga furucin baki a matsayin zunubi babba ko da an tilasta, sa'an nan ta ce zunubin ba ya fin ƙarfin gafara. Hanyoyin sun bambanta, amma duka biyun sun ƙi yar da mutumin.

Mabiyan Nobatiyan suka ware, suna kiran kansu tsarkaka, suka yi ƙarnoni da nasu majami'u kafin su shuɗe. Rigimar ta sake tashi a Afirka ta Arewa bayan tsananin Diyokiletiyan na 303, wannan karon a kan limaman da suka miƙa Littattafai aka ƙona. Mabiyan wani mai suna Donatus suka ce baftismar da irin waɗannan suka yi ba ta yiwu ba, aka yi fiye da shekara 100 ana ja, har zamanin Agustin na Hifo da babban taron Kartaj na 411. A Ingila kuwa Thomas Cranmer, babban bishop na Kantabari, ya sa hannu a takardun janye koyarwarsa har sau da dama don tsoron wuta. Ranar 21 ga Maris 1556 a Oksfod ya warware su duka a gaban jama'a, da aka kunna wutar ya fara miƙa hannun dama da ya yi rubutun.

Maganar ba ta tsaya a littattafan tarihi ba. A Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, bayan sun riga sun tarwatsa garuruwa da yawa a kudancin Borno, inda Kirista da Musulmi duk suka sha kisa. Wasu sun tsere kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola da Jos. Cikin waɗanda aka kama akwai waɗanda suka ƙi furta abin da aka ce su furta, akwai waɗanda suka furta da bindiga a ka, wasunsu kuma sun dawo gida. Fasto da dattawan da za su zauna a kan maganarsu, tambayar Kartaj ce a gabansu, har da matar da aka kashe wa miji zaune a benci na gaba. Zai yi kyau su san cewa an taɓa yin wannan zama, kuma waɗanda suka yi shi ba su ce a manta da abin da ya faru ba, ba su kuma rufe ƙofa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shi kuwa Sifiriyan, da Sarki Baleriyan ya tayar da sabon tsanani a 257 bai bar gari da kansa ba, hukuma ce ta kore shi zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku. Da aka dawo da shi a shekara ta gaba ya ji za a kai shi Utika a yi masa shari'a, sai ya sake ɓuya na ɗan lokaci, ya rubuta wa jama'arsa cewa a Kartaj yake so a yi, a gabansu. Ranar 14 ga Satumba 258 gwamna Galeriyus Maksimus ya umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi. Aka kai shi fili, ya tuɓe alkyabbarsa, ya ce a ba hauni tsabar zinariya 25, ya ɗaure idonsa da hannunsa, aka fille masa kai. Cocin Katolika tana tunawa da shi tare da Karniliyus a rana ɗaya, 16 ga Satumba.